Tarar gudun wuce kima: Yadda direba zai ƙalubalance ta a rubuce

A idon dokar Najeriya, takardar tarar da jami'in hanya ke miƙa wa direba a bakin titi zargi ce kawai. Wanda aka rubuta wa ita yana da zaɓi biyu: ya biya kuɗin da aka ƙayyade domin kauce wa gurfana a gaban kotu, ko ya musanta laifin ya nemi a saurare shi. Zaɓi na biyun ne ba a cika ɗauka ba, galibi saboda rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa da abin da za a rubuta.

Batun ya shafi garuruwa irin su Likoro da ke Ƙaramar Hukumar Kudan a arewacin Jihar Kaduna, inda motocin rake da hatsi da kayan gwari ke tashi zuwa Zariya da Kano, tare da takwarorinsu na Makarfi da Ikara. Tun da aka sake gina hanyar Zariya zuwa Kano, titin ya yi sumul, ƙafar direba kuma takan yi nauyi a kan totur ba tare da ya ankara ba. Wasu daga cikin waɗanda ake tsayarwa sun yi gudun da gaske. Wasu kuwa suna da abin faɗa.

Abin da doka ta ƙayyade

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a watan Fabrairun 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantar ta. An yi mata sabuwar doka a 2007, aka kuma fitar da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa a 2012.

Iyakar gudu ta danganta da irin mota da irin hanya. A cikin gari, ƙananan motoci da tasi da bas ba za su wuce kilomita 50 a awa ba, tankoki da tireloli kuwa 45. A babbar hanya da ba ta kai matsayin hanyar gudu mai tagwayen hannu ba, ƙananan motoci da bas 80 ne, tankoki da tireloli 50. A hanyar gudu mai tagwayen hannu, motar gida 100, tasi da bas 90, tankoki da tireloli 60. Inda aka kafa allo mai nuna ƙasa da haka, allon ake bi.

A jadawalin laifuffukan da hukumar ta fara aiki da shi a ƙarƙashin dokar 2007, an sa tarar wuce iyakar gudu a kan Naira 3,000 tare da makin laifi 3 a kan lasin direba. Wani zai ce kuɗin bai kai kuɗin man zuwa ofis a yi gardama ba, kuma gaskiyarsa ce idan a nan abin ya tsaya. Sai dai sau da yawa ba ya tsayawa a nan. A jadawalin nan dai, tuƙin ganganci tararsa Naira 50,000 ce da maki 10, kuma tazarar da ke tsakanin laifukan biyu takan rataya ne a kan yadda jami'i ya ga abin. Makin yana taruwa har ya kai ga gargaɗi, ko dakatar da lasi, ko janye shi. Ga kuma tsare mota: direban da ya ɗauko tumatir, kwana ɗaya a harabar ofis ya ishe shi asarar da ta ninka tarar sau da yawa.

Akwai wani laifi na dabam da ake rikita shi da gudu, shi ne rashin sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya, wanda aka fara hukuntawa gadan-gadan daga 1 ga Fabrairun 2017. Ana iya rubuta wa direba wannan ko da motarsa rarrafe take yi. Don haka abu na farko shi ne a duba ainihin laifin da aka yi wa alama a jikin takardar.

Wa ya rubuta, kuma a kan wace hanya?

Ba FRSC kaɗai ke tsayar da motoci ba. Jihar Kaduna tana da hukumarta ta KASTLEA, da zarar kuma an tsallaka zuwa Jihar Kano sai 'yan KAROTA. Kowacce da dokarta da jadawalin tararta da ofishin da ake kai mata ƙorafi. Wasiƙar da aka aika wa wadda ba ita ta rubuta takardar ba, ɓata tawada ce.

Wurin da aka tsayar da mota ma yana da nauyi a shari'a. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta tabbatar da hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Warri cewa hurumin FRSC ya tsaya ne a kan hanyoyin Gwamnatin Tarayya. Hukumar ba ta gamsu da hukuncin ba, ta ce za ta ɗaukaka ƙara. Hanyar Zariya zuwa Kano ta tarayya ce, babu jayayya a kanta. Amma ƙananan hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kasuwannin karkara da yawansu na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. Wanda aka rubuta wa tara a kan irinsu yana da hujjar da zai ambata, bayan ya tabbatar da matsayin hanyar daga ma'aikatar ayyuka.

Kotuna sun kuma yi sa-in-sa a kan ko hukumar na da ikon cin tara tun farko. A 2014 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya yanke hukunci, a ƙarar da lauya Tope Alabi ya shigar, cewa yanke tara aikin kotu ne. A ƙarar wani lauyan, Moses Ediru, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ga abin ta wata fuska: takardar hukumar ba ta ƙwace ikon kotu ba, tunda direba na da zaɓin ƙin biya a gurfanar da shi. Inda hukunce-hukuncen biyu suka haɗu shi ne abin da ya fi amfanar direba. Ba a tilasta wa mutum amsa laifi a bakin titi, kuma Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifin a gaban kotu.

Takardar ƙorafi

A wasu ƙasashe rubutu kansa shari'a ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, direba na iya ajiye kuɗin tarar ya aika wa alƙali bayaninsa a rubuce, jami'in ma ya aiko da nasa, a yanke hukunci ba tare da kowa ya taka kotu ba. A Faransa ana da kwana 45 a aika da ƙorafi, wanda kuma ya biya tarar an ɗauka ya amsa laifin. A Najeriya takardar da direba zai rubuta wa hukuma koke ne na neman shugabannin ofis su sake duba aikin jami'insu. Ba ta maye gurbin kotu, kuma aika ta kaɗai ba ya dakatar da wa'adin da aka rubuta a jikin takardar tara. Wannan shi ne ramin da mai ƙorafi ya fi faɗawa: ya aika wasiƙa ya koma gona yana jiran amsa, wa'adi ya cika a bayan idonsa.

Ana rubuta ta ne ga kwamandan ofishin da jami'in ya fito, wanda ake iya ganewa daga jikin takardar tarar. Ga mutumin Likoro, ofishin FRSC na Zariya na cikin mafi kusa. Ana aika kwafi ga Kwamandan Jiha a Kaduna da sashen SERVICOM na hukumar, wanda aikinsa karɓar koken jama'a ne. Tunda Ingilishi ne harshen aikin ofisoshin tarayya, ya fi kyau a samu wanda zai rubuta da shi, a karanta wa mai ita a fassara masa kafin ya sa hannu.

Shafi ɗaya ya isa. A sama a sa sunan direba da adireshinsa da lambar wayarsa, lambar mota, lambar lasi, lambar takardar tara, rana da lokaci da wurin da aka tsayar da shi, tare da wata alama da kowa ya sani, kamar gidan mai ko mahaɗar hanya. Sannan a faɗa a jimla ɗaya cewa ba a amince da zargin ba. Bayan haka dalilai, sai buƙata: a soke takardar, ko a gyara laifin da aka rubuta, ko a miƙa batun ga kotu, a kuma saki mota ko takardun da aka riƙe.

Dalilan su ne ƙashin bayan takardar, kuma ba duka ke da ƙarfi ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne wanda ya taɓa yadda aka auna gudun. Na'urar auna gudu tana harba igiyar rediyo ga mota, igiyar ta dawo, ita kuma ta lissafa gudun daga canjin da aka samu a igiyar. Idan motoci biyu ko uku na tafe kusa da juna, tana iya kama wadda ta fi girma ko ta fi sauri a maimakon wadda aka nufa. Na'ura ce kuma da ke buƙatar a riƙa gwada daidaitonta lokaci-lokaci. Saboda haka direba na da damar tambaya: da na'ura aka auna ko da ido aka ƙiyasta? Nawa ta nuna? An nuna masa? Yaushe aka gwada ta? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumar gwamnatin tarayya amsa buƙatar bayani cikin kwana 7, ana kuma iya ambaton ta a wasiƙar.

Sai kuskuren rukuni, kamar a auna motar gida da iyakar bas, ko a ɗauki wajen gari a matsayin cikin gari. Sai kuskure a jikin takardar kanta, na lambar mota ko rana ko wuri. Larura ta gaske, kamar garzayawa da mai naƙuda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba ta goge laifi, amma katin asibiti mai ɗauke da rana da lokaci na iya jawo sassauci. Cewa kowa ma gudu yake yi, ko ana saurin riskar kasuwa, amsa laifi ne da bakin mai shi. Haka nan cewa agogon gudun motar ya lalace, domin ya ƙara wa kansa zargin tuƙa mota mai matsala.

Zagi da barazana ba su da gurbi a ciki. Idan an nemi na goro, a faɗi abin da ya faru a fili, da lokaci da sunan da ke ƙirjin rigar jami'in, ba tare da ƙari ba. A tuna kuma cewa yunƙurin ba jami'i cin hanci shi ma laifi ne a jadawalin. A haɗa da kwafin takardar tara da na lasi da na takardun mota, hotunan wurin, da sunayen fasinjojin da suka yarda su ba da shaida. Na asali su zauna a hannun mai su. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a dawo da shi gida. Wannan hatimin ne shaidar cewa an yi ƙorafi cikin lokaci.

Wanda motarsa ke tsare da kaya masu lalacewa yakan ga ba shi da mafita sai biya. Ya sani cewa biya na raunana ƙorafi, domin ana ɗaukar sa a matsayin zaɓin kauce wa shari'a. Idan ya zama dole, ya biya ta banki ko ta Remita zuwa asusun gwamnati, ya ajiye rasit, ya kuma rubuta a ranar cewa ya biya ne domin a saki motarsa, bai amsa laifi ba. Kuɗin da aka danƙa wa jami'i a hannu ba tara ba ce.

Idan ba a samu amsa ba

Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa a 1975, tana da ofis a Kaduna kuma kyauta take aiki. Sharuɗɗanta su ne mai ƙorafi ya fara bin hanyoyin da ke akwai, batun bai wuce wata 12 ba, kuma ba ya gaban kotu.

Idan an gurfanar da direba, ko a kotun majistare ko a kotun tafi-da-gidanka da ke zama a gefen hanya, nauyin tabbatar da laifi yana kan mai gabatar da ƙara. Direba na da 'yancin a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, ya yi wa jami'in tambayoyi, ya kira shaidunsa. Bayanin da ya fito daga na'ura mai aiki da kwamfuta sai ya cika sharuɗɗan Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kafin kotu ta karɓe shi. Wanda bai gamsu da hukuncin majistare ba zai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha.

Mai son shi ya maka hukumar a kotu, alal misali a kan tsare masa mota ba bisa ƙa'ida ba, ya ga lauya da wuri. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata 3 kacal daga ranar da abin ya faru, ko da yake ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan Adam a kotu sun cire irin waɗannan ƙararraki daga wa'adin.