Ganuwa Kafin Ɗaki: Darasi Daga Tarihin Gobir

'Yan uwa, Gobirawa sun daɗe da sanin rasa muhalli. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga bisani Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Tsarin kakanninmu shi ne a fara da ganuwa, sannan talaka ya tada ɗakinsa da gayya.

A 1979 Shagari ya ƙudurta gina gidaje 2,000 duk shekara a kowace jiha. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci. Manomin Isa ba shi da albashi, balle rance.

Yau ana batun sassauta wa kamfanonin gini haraji domin su yi wa talaka gida mai rahusa. Madalla. Sai dai wane ɗan kwangila zai kai siminti inda 'yan bindiga ke aza wa ƙauyuka nasu harajin, mutanenmu na gudun hijira zuwa yankin Maraɗi? Mu nemi tsaro tukuna, sannan sassaucin ya iso ga maginin gida da mai buga bulo.