Daga Bayan Hoto Zuwa Hashtag: Wa Zai Adana Tarihin Runjin Sambo?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, musamman ga waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Bari mu fara da tambaya: wa ke da hoton Runjin Sambo kafin a gina gadar sama? Na tabbata akwai su a wayoyin mutane da shafukan Facebook. To amma je ka nemo su ka gani. Hoton da ba a raɗa wa suna ba kamar allura ce a cikin rairayi.

Iyayenmu sun san haka. Idan an wanko hoto daga situdiyo, sai a juya bayansa a rubuta suna, gari da shekara da biro. A wuraren adana tarihi kuwa, irin gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke nan Sakkwato, ma'aikata ne ke rarraba kaya su ba su lamba. Wato masana ke raɗa suna, mu namu bi.

Intanet ce ta sauya wannan tsari. A watan Fabrairun 2004, Stewart Butterfield da Caterina Fake suka buɗe shafin hotuna na Flickr a Kanada. Shafin ya bar wa mai hoto ya maƙala masa duk kalmar da ya ga dama, abin da muke kira tag. Idan mutum dubu suka sa kalma ɗaya, sai hotunansu su taru wuri guda ba tare da sun san juna ba. A shekarar ce Thomas Vander Wal ya laƙaba wa wannan salo sunan foksonomi, ma'ana rarrabewar da jama'a ke yi da kansu.

Alamar # kuwa daga baya ta zo. Ranar 23 ga Agustan 2007, Chris Messina ya ba da shawarar amfani da ita a Twitter. A watan Oktoba gobarar daji ta tashi a San Diego ta Amurka, mutane suka riƙa tara labarai ƙarƙashin #sandiegofire, kalmar da aka riga aka fara sa wa hotunan gobarar a Flickr. Instagram ya karɓi hashtag a 2011, Facebook a 2013.

Su kansu masana sun sallama. A Janairun 2008, babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kusan 3,000 a Flickr, ya roƙi jama'a su sa musu tag. Sai ga mutane suna gano wurare da fuskokin da ma'aikatan ba su sani ba.

Mu ma mun ga ƙarfin abin. A Afrilun 2014 #BringBackOurGirls ta kai batun 'yan matan Chibok duniya. A Disamban 2021, bayan ƙona matafiya a mota a yankin Sabon Birni, matasa suka yi gangami da #NorthIsBleeding.

Sai dai fa tsarin da ba shi da shugaba yana da tasa matsalar. Wani zai rubuta #Sokoto, wani #Sakkwato, wani ya yar da k ɗaya. Gari ɗaya, rumbu uku. Ga masu sayar da atamfa da turare da ke liƙa kowane tag don neman ciniki. Ko a Amurka, ranar 2 ga Yunin 2020, baƙaƙen hotunan nuna goyon baya sun binne muhimman bayanai a #BlackLivesMatter. Kuma rumbun ba namu ba ne: a 2018 Flickr ya sanar da taƙaita masu asusun kyauta ga hotuna 1,000.

Don haka ga shawara. Idan za ka ɗora hoton unguwa, sa #RunjinSambo, ka haɗa #Sokoto da #Sakkwato, ka rubuta shekara da wurin a ƙasa. Kada ka yi tagin mutum sai da izininsa. Sannan ka ajiye kwafi a wajenka.

Wanda ke da tsohon hoton unguwar, ya turo mana tare da shekararsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.