Aya-aya a Ƙasar Zuru: Yawanta da Amfaninta ga Dabbobi Daga Bazara Zuwa Rani

Manomi ba ya ƙaunar aya-aya, wadda masana ke kira Cyperus rotundus. A littafin da Holm da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan munanan ciyayin gona, ita aka sa a sahun farko a duk duniya. Makiyayi kuwa lissafinsa daban ne, musamman a ƙasar Zuru, inda ruwan shekara yake kai kimanin milimita 1,000 amma ya ɗauke a watan Oktoba.

Idan yawa ake nema, aya-aya ba ta kama ƙafar gamba ko kyasuwa ba. Gajera ce, kuma rabo mai yawa na abincin da take haɗawa yana tafiya ne cikin 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, inda bakin saniya ba ya kaiwa. Sai dai waɗannan 'ya'yan ne ke ba ta fifiko. Da yayyafin farko ya sauka a ƙarshen bazara, ita ta riga ta tofo, alhali kyasuwa tana jiran irinta ya tsira. A lokacin harawa ta ƙare, karan dawa ya zama itace, shanu sun rame.

Ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbin saniya suna bukatar furotin kusan kashi 7 cikin 100 na busasshen abinci. Ciyawar tudu idan ta bushe takan faɗi ƙasa da haka sosai, sai dabba ta cika ciki ba ta ƙaru ba. Ɗanyen tofon aya-aya, ko da kaɗan ne, yana rage wannan giɓi. Amma da ta yi fure, ganyen yakan yi tauri da kaushi, shanu su riƙa tsallake ta. Shi ya sa awon da aka yi a watan Agusta kaɗai zai raina ta fiye da kima.

A fadama takan daɗe da ɗanyenta har cikin rani, ko da yake kiwon wurin na da haɗarin tsutsar hanta, kuma noman rani yana ta cinye filin. A ganina, aikin da ya dace da Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru shi ne yankan samfur wata-wata, na tudu daban, na fadama daban, daga Sakaba zuwa Danko-Wasagu, a auna nauyi da furotin tare.