Layuka Sun Riga Ƙ da Ɗ Shiga Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa bin ruwan Bakolori ya san tafiyarsa: ya baro dam a ƙasar Maradun, ya shiga babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana har gonakin Talata Mafara da Bakura. Haka masu haɗa manhaja ke zana foldojin aikinsu a takardar bayani, da rubutu zalla, babu hoto:

Bakolori
├── Mafara
│   └── shinkafa
└── Bakura

Bishiya suke ce mata, duk da saiwarta a sama take, kamar salsalar gidan sarauta.

Sanya folda cikin folda ya samu gindin zama ne a tsarin Multics a Amurka, wajen 1965, Unix ta gada, sannan DOS ta ɗauka a 1983 tare da umarnin tree. Sai dai kayan zanen sun yi ƙaranci. Ma'aunin ASCII na 1963 gurbi 128 kacal gare shi, don haka da abin da ke hannu aka riƙa lallaɓawa: karan-ɗori, alamar tarawa, daga baya tsayayyen layi. A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa mai gurbi 256, ya ware wasu don kusurwoyi da layukan da muke gani a sama.

To a nan gizo ke saƙar. An samar wa kusurwa gurbi, an samar wa fuskar murmushi da alamomin karta, amma ƙ da ɗ da ɓ ko oho. Sai da Unicode ya zo a 1991 suka samu wurin zama a ma'aunin da ya yaɗu. Shekara goma ke nan layi na ciki, haruffanmu na bakin ƙofa.

Har yau tabon bai goge ba. Da yawanmu da muka yi aikin kammala difloma an ja mana kunne kada mu sa harafi mai lanƙwasa a sunan folda, gudun kada wata tsohuwar na'ura ta mayar da shi alamar tambaya. Shawarar na da hujja, ba mu musa ba. Amma ita ta sa ɗalibi ke rubuta "kasa", wanda ya gaji aikin ya zauna yana cankar ko ƙasar noma ake nufi ko macijiya.

Abin ban dariya, kusurwar ├ da muke liƙawa ba fargaba, ita ma ba ta cikin ASCII. Tsohuwar na'urar da za ta ci ƙ, ita ma tana iya cinye ta.