Tarihin Tiyatar Yara

Tiyatar yara reshe ne na aikin likita da ke gyara larurorin da ake haifar jariri da su, kamar toshewar hanji, rufaffiyar dubura, tsagaggen leɓe da ciwon zuciya, da kuma waɗanda ke samun yaro bayan haihuwa, irin su ƙaba, ƙari da ƙuna. Ta tsaya da ƙafarta ne a ƙarni na 20, lokacin da likitoci suka gane cewa jikin jariri yana da nasa tsari dabam da na babba, kuma ɗan jini ko ɗan ɗumin da zai rasa ya isa ya kashe shi.

Asali

Likitocin dā sun taɓa wannan aiki. Abul Ƙasim al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa al-Tasrif kan kaciya, da taruwar ruwa a kan jariri, da buɗe duburar da aka haifa a rufe. Sai dai babu maganin sa barci, babu kuma hanyar hana rauni ruɓewa, don haka aikin bai wuce saman jiki ba. An buɗe asibitin yara na Paris a 1802, na Great Ormond Street a Landan kuma a 1852, kuma a irin waɗannan wurare ne aka fara tantance cututtukan. A 1886 Harald Hirschsprung na Denmark ya bayyana ciwon babban hanji da ke hana jariri bayan gida, ciwon da ake kira da sunansa har yau.

Kafuwar fannin

Nasarar farko mai girma ta zo ne daga Jamus. Akwai jariran da tsokar mafitar tumbinsu ke yin kauri makonni kaɗan bayan haihuwa, su riƙa feso nono duk lokacin da suka sha, har su bushe su mutu. A 1912 Conrad Ramstedt ya nuna cewa a tsaga tsokar a tsaye, kada a huda fatar cikin tumbin, kuma kada a ɗinke, ya wadatar. Wannan aiki ne ake yi har gobe.

A Amurka, William Ladd na asibitin yara na Boston ne ake ɗauka uban fannin. Yana cikin likitocin da suka kai agaji Halifax ta Kanada bayan fashewar jirgin ruwa mai ɗauke da makamai a 1917. A 1936 ya bayyana yadda ake warware hanjin da ya murɗe saboda bai zauna daidai ba tun cikin mahaifa. Almajirinsa Robert Gross ya ɗaure wata jijiya kusa da zuciyar yarinya ’yar shekara bakwai a 1938, abin da ya buɗe ƙofar tiyatar zuciya. A 1941 Cameron Haight ya haɗa maƙoshin jaririyar da aka haifa da shi a yanke, ta kuma rayu. Kafin wannan zamani, kusan duk irin waɗannan jarirai mutuwa suke yi. A 1944 Alfred Blalock da Helen Taussig da Vivien Thomas suka ƙirƙiro aikin ceton yaran da jikinsu ke yin shuɗi saboda ciwon zuciya.

Kula bayan tiyata

Gwanintar hannu kaɗai ba ta raya jariri. Shi ya sa Peter Rickham ya buɗe ɗaki na musamman a asibitin Alder Hey na Liverpool a 1953, mai kwalaben ɗumama jarirai da ma’aikatan jinya masu horo. A 1968 Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka nuna cewa jariri zai iya girma da abincin da ake ba shi ta jijiya har hanjinsa ya warke. A 1981 Michael Harrison ya yi wa ɗan tayi tiyata a San Francisco.

Afirka

A nahiyar da kusan rabin jama’arta yara ne, likitocin wannan fanni sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma galibinsu suna manyan birane. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano suna da sassan tiyatar yara, kuma tun 1999 asibitin cutar noma na Sakkwato yake gyara fuskokin yaran da cutar ta ci. Babbar matsalar ita ce jinkiri. Jaririn da bai yi kashin farko ba, ko yake aman kore, ko cikinsa ya kumbura, yana buƙatar asibiti a ranar, domin yawancin waɗannan larurori suna gyaruwa idan an kai shi da wuri.