Murjani da ɗumamar teku: abin da ya kamata a sani

Murjanin da aka sani a ƙasar Hausa tsakiya ce ta adon mata, amma asalinsa dabbar teku ce. Wasu danginsa suna zama a tare dubbai, suna gina ƙashi mai tauri da kaɗan-kaɗan har ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

Me zafi ke yi masa?

A cikin jikin murjani akwai wata 'yar gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke samar masa da mafi yawan abincinsa daga hasken rana, ita ce kuma ke ba shi launi. Idan zafin ruwa ya haura wanda aka saba gani a lokacin zafi da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni, sai murjanin ya fitar da ita, ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi: girmansa ya ragu, haihuwa ta yi ƙasa. In zafin ya daɗe, sai ya mutu.

Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017. A watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da karo na huɗu.

Akwai mai jure zafi?

Akwai. Murjanin Tekun Fasha yana rayuwa a ruwan da kan wuce digiri 34. Na mashigin Aƙaba, a arewacin Bahar Maliya, shi ma ya jure zafin da ya zarce wanda ya saba da shi a gwaje-gwajen masana. Sai dai juriyar tana da tsada. A wasu nau'o'in, murjanin da ke ɗauke da gansakuka mai jure zafi ya fi jinkirin girma, alhali farfaɗowar tsaunin da ya lalace kan ci shekara 10 ko fiye.

Ina aka dosa?

Rahoton GIEC na 2018 ya yi ƙiyasin cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tsaunukan murjani za su salwanta. A digiri 2, asarar za ta wuce kashi 99. Masunta da mazauna gaɓar teku, har da na Sudan, su za su fara ji a jika.