Kwamfutar da ta fito daga ambulan, da kafofin da aka bari a baya

Ranar 15 ga Janairun 2008, a wajen taron Macworld a birnin San Faransisko na Amurka, Steve Jobs ya ɗaga wata ambulan ta takarda, irin wadda masinja ke yawo da ita daga ofis zuwa ofis. Ya warware zaren da ke bakinta, ya zaro kwamfuta. MacBook Air ke nan ta farko. Nauyinta kilo 1.36, kaurinta bai cika santimita biyu ba a inda ya fi yawa, bakinta na gaba kuwa milimita huɗu ne kacal. Zauren ya kaure da tafi.

Sai da aka juya ta aka duba gefenta sannan aka ga abin da aka biya kafin ta shiga ambulan. Babu wurin saka faifan CD ko DVD. Babu kafar wayar intanet ta ofis, wato Ethernet. A bayan wata 'yar ƙofa da ake buɗewa da yatsa akwai kafar USB guda ɗaya tak, da wata ƙaramar kafa ta haɗa allo na waje, da ramin abin sauraro. Kuɗinta dala 1,799. Wanda ke son karanta faifai sai ya ƙara dala 99 ya sayi na'urar waje, mai son Ethernet ya ƙara dala 29, kuma dukkansu biyu a wannan kafa guda za su yi layi. Muhawarar da aka soma a ranar ba ta mutu ba har yau, ko da yake ta girmi ranar da kusan shekara ashirin.

Kafin a shiga tarihin, yana da kyau a san dalilin da ya sa kafa ke zama abin rigima. Kafa rami ce mai girman da aka riga aka ƙayyade, injiniya ba shi da ikon rage shi. Ramin Ethernet ya haura santimita ɗaya a tsaye. Kafar VGA, mai shuɗin bakin nan da kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, ita ma ba ta da nisa da haka. Kwamfutar da ake son gefenta ya zama milimita goma ba ta da inda za ta sa su. Abin kuma bai tsaya a bakin ramin ba: kowace kafa tana da jiki a ciki, tana cin fili a kan allon lantarki, filin da batir ke nema, fanka ma ke nema. Duk kwamfuta mai sauƙin nauyi sulhu ce tsakanin waɗannan masu neman wuri, kuma kafofi ne aka fi saurin kora, domin ba sa fitowa a hoton talla.

Kwamfutar Osborne 1 ta 1981, wadda ake lissafawa cikin na farko da mutum zai iya ɗauka, ta haura kilo goma, kamanninta kamar akwatin keken ɗinki. Shekara bakwai bayan haka kamfanin NEC na Japan ya fito da UltraLite mai kilo biyu. Ya cim ma hakan ne ta hanyar cire wurin saka faifan fulofi daga jikinta, a zamanin da fulofi ne hanyar da kowa ke kai aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Masu sharhi sun yaba, masu saye ba su yi rububi ba. A 1992 Apple ya gwada wata dabara da PowerBook Duo. Kwamfutar ba ta kai kilo biyu ba, kusan babu kafa a jikinta, amma an yi mata wani akwati da ke zaune a kan tebur. In ka dawo ofis sai ka rufe ta ka zura ta cikin akwatin kamar yadda ake zura kaset a bidiyo, nan take ta samu babban allo da fulofi da sauran kafofi. Dabarar tana da kyau, sai dai ta ɗauka cewa mutum yana da wuri ɗaya da yake buƙatar kafofinsa. Ranar da buƙatar ta same shi a ɗakin otal, akwatin na can gida.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan rage kafofi ke kafawa ba daga kwamfutar tafi-da-gidanka ta fito ba. Daga iMac ta 1998 ta fito. Shekara biyu kafin nan, wasu kamfanoni da suka haɗa da Intel da Microsoft da IBM da Compaq sun fitar da tsarin USB domin a samu kafa iri ɗaya da za ta maye gurbin tarkacen da ke bayan kwamfuta, inda firinta ke da nata rami, linzami ke da nasa, allon madannai ke da nasa. Tsarin bai karɓu da wuri ba. Masu ƙera firinta suna jiran kwamfutoci su koma USB, masu ƙera kwamfuta suna jiran firintoci. Sai iMac ta zo babu fulofi, babu tsofaffin kafofin Apple, sai USB guda biyu. An yi ta surutu, amma cikin 'yan shekaru kasuwa ta cika da kayan USB, fulofi kuma ya bi hanyarsa.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin shaida cewa jama'a kan yi ƙorafi ne kawai sannan su saba. A ganina ana tsallake wani abu. iMac ta cire tsohon abu ne a daidai lokacin da magajinsa ya riga ya fi shi, kuma ta zo da modem da Ethernet a jikinta, wato hanyar da fayil zai bi ya fita ba tare da fulofi ba. Sauya nau'in kafa daban ne da rage yawanta. Na farko yana da ranar ƙarewa, domin wata rana duk kayanka za su koma sabon nau'in. Na biyu ba shi da ita: mai kafa ɗaya da na'ura biyu zai ci gaba da cire wannan yana saka wancan ko shekara nawa aka yi.

MacBook Air ta 2008 kanta ta nuna haka. Makonni kaɗan bayan fitowarta Lenovo ya kawo ThinkPad X300, mai nauyi kusan ɗaya da ita, amma da USB uku da Ethernet da wurin saka DVD, ko da yake ta fi tsada sosai. Har wani bidiyon barkwanci aka yi na mai ƙoƙarin cusa Air cikin ambulan tare da duk wayoyi da na'urorin da take buƙata, ambulan ta yage. Air ta farko tana zafi, ba ta da sauri, kuma ta masu hali ce. Ba ta zama kwamfutar ɗalibai da 'yan jarida ba sai bayan gyaran Oktoban 2010, lokacin da farashi ya sauko zuwa dala 999, aka koma ma'ajiyar SSD gaba ɗaya, aka mayar da USB biyu, aka kuma ƙara wa mai inci 13 ramin katin SD. Wato ta yi kasuwa ne bayan ta ja da baya kaɗan. A kan faifai kuwa Jobs ya yi gaskiya, domin yau da wuya ka ga mai neman DVD a sabuwar kwamfuta. A 2011 Intel ya ware dala miliyan 300 don ƙarfafa wa sauran kamfanoni gwiwa su ƙera irinta a ƙarƙashin sunan Ultrabook, siririn jiki ya zama abin da kowa ke bi.

A watan Maris na 2015 aka kai abin ƙarshensa. MacBook mai inci 12 ta zo da nauyin giram 920, babu fanka, da kafa ɗaya ta sabon tsarin USB-C wanda aka kammala a shekarar da ta gabata. Ta nan ake caji, ta nan ake haɗa allo, ta nan ake saka filash. In kana caji, to ka haƙura da filash, sai fa in ka sayi adaftar dala 79. Hujjar kamfanin a bayyane take: fayiloli suna rumbun intanet, firinta da abin sauraro ba sa buƙatar waya, batir zai kai ka yamma, caji kuma da dare ake yi kamar na wayar hannu. Akwai mutanen da rayuwarsu haka take, kuma sun ƙaunaci wannan kwamfuta. Wanda ya taɓa yini a filin jirgi da jaka mai kilo uku a kafaɗa ba zai raina giram ɗari biyar ba.

Kuskuren ya zo ne a Oktoban 2016, da aka ɗora wannan tunani a kan MacBook Pro, kwamfutar masu ɗaukar hoto da masu haɗa fim da masu rubuta manhaja. Aka cire HDMI, aka cire ramin katin SD, aka cire tsohuwar USB, aka cire har MagSafe, cajar maganaɗisun nan da ke ficewa da kanta in wani ya yi tuntuɓe da waya maimakon ta jawo kwamfutar ƙasa. Abin dariya, wanda ya sayi sabuwar iPhone 7 a lokacin ba zai iya haɗa ta da sabuwar kwamfutar ba da wayar da ta zo a kwalinta. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya rage farashin adaftocinsa na ɗan lokaci. Neman siranta ya taɓa allon madannai ma: an yi masa sabon tsari mai gajeren motsi wanda ɗan ƙura ke iya maƙale shi, lamarin da ya kai ga shirin gyara kyauta a 2018, da sasanci na dala miliyan 50 a 2022. An daina yin mai inci 12 a 2019. A Oktoban 2021 sabuwar MacBook Pro ta fito ta fi ta baya kauri da nauyi, HDMI da SD da MagSafe duk sun dawo, mutane suka yi ta murna da abin da suke da shi tun 2015.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ba a cika ambata ba, domin a Japan ya faru. Panasonic ya daɗe yana ƙera jerin Let's note, wasunsu nauyinsu wajen kilo ɗaya, amma da VGA da HDMI da Ethernet, wasu har da DVD. Fujitsu ma yana da masu ƙasa da kilo ɗaya da ke ɗauke da HDMI da tsohuwar USB. Ba su da kyan gani, suna da kauri, an yi su ne don ma'aikacin da zai shiga jirgin ƙasa da safe ya kuma tarar da tsohon majigi a ofishin da ya je. Abin da suka tabbatar shi ne nauyi da kauri ba abu ɗaya ba ne. Kafa ba ta da wani nauyin kirki. Kauri take ci. Kafaɗa nauyi take ji, ido ne ke ganin kauri. Mafi yawan kafofin da aka cire da sunan sauƙaƙa wa matafiyi, don ido aka cire su.

Ma'aikacin Tokyo ɗin nan ya fi kusa da mu fiye da wanda aka zana kwamfutar 2015 dominsa. Ɗakunan taro da azuzuwan jami'o'inmu cike suke da majigi masu VGA, kafar da Intel da AMD suka sanar tun 2010 cewa za su daina tallafa mata. Takardar aiki a filash take yawo, saboda data tsada gare ta, sabis kuma ba shi da tabbas. Caji ba da dare ake yi ba, lokacin da aka kawo wuta ake yi, kuma sau da yawa lokacin ne ake aikin. Na taɓa zuwa gabatar da rahoto a wani taron bita da kwamfutar aro mai kafa biyu, duka USB-C. Majigin VGA ne. An aiki yaro kasuwa ya dawo da adafta, ta ƙi aiki, ƙarshe hotunan da na kwana ina shiryawa da baki na bayyana su. Wata ribar kafofi da yawa sai a wajen mai gyara ake saninta: kwamfutar da ke da huɗu in ɗaya ta lalace ana ci gaba da aiki, wadda ta nan kaɗai take shan caji kuwa ta zama gawa sai an buɗe ta. Ga wanda ya sayi kwamfutar hannu, wadda ta riga ta yi shekara biyar a Turai ana cire mata waya ana sakawa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Adaftar da ta ƙi aiki ranar nan ta tona wani aibin USB-C. Ramin iri ɗaya ne a ko'ina, amma abin da ke bi ta cikinsa ya bambanta. Wata kafar tana fitar da hoto zuwa allo, wata ba ta yi. Wata waya tana ɗaukar wutar da ta kai wat 100, ko ma 240 a sabon tsarin 2021, wata ko rabin haka ba ta kai ba, kuma da ido ba a rarrabe su. A da, in abu ya shiga rami to zai yi aiki. Yanzu komai yana shiga.

Duk da haka, a fagen nau'i USB-C ta yi nasara, har doka ta shigo. Tarayyar Turai ta wajabta ta a matsayin kafar caji ga wayoyin hannu daga ƙarshen Disamban 2024, ga kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma daga Afrilun 2026. Batun yawa ne ba a daidaita ba. Dell ya fitar da XPS 13 Plus a 2022 da kafa biyu, babu ko ramin abin sauraro. Shekara guda kafin nan wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Framework ya bi wata hanya: ya bar gurabe huɗu a gefen kwamfutarsa, mai ita ya zaɓi abin da zai zura a kowanne, HDMI yau, tsohuwar USB gobe. In aka zaro ɗaya daga cikin waɗannan 'yan katunan aka leƙa gurbin, USB-C ce a ciki. Adafta ce dai, an yi mata ɗaki a jikin kwamfutar don kada a manta ta a gida.